Madam Otilia da Tsofaffin Sunaye

Laburaren asibitinmu a can ƙarƙashin gini yake, tsakanin ɗakin wanki da ɗakin tukunyar ɗumama ruwa. Nan na yi shekara da shekaru da Otilia Bejan, ita tana nemo wa likitoci takardun bincike, ni Veta ina buga kwafi ina ɗaure mujallu. Taga ɗaya gare mu, ita ma daidai da bakin titi, saboda haka yawancin mutanen birnin Iași da takalmansu muka san su.

Otilia 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa ce. Likita ta so zama, har ta samu gurbi a makaranta, amma ranar da aka shiga da su ɗakin fiɗar gawa sai a ƙasa aka tsince ta. Ta koma karatun harsuna, ta iya Turanci da Faransanci da Jamusanci, da ɗan Rashanci na dole. An ɗauke ta aiki zamanin tsohuwar gwamnati, lokacin da mujallar ƙasar waje sai an yi sa'a take isowa, wasu kuma suna isowa a kulle su a kabad ɗin ƙarfe, ba mai buɗewa sai da sa hannun shugaban asibiti. Mijinta Nelu direban taragon cikin gari ne, ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya. Ɗanta guda yana aikin gini a Italiya, yana kiranta ranar Lahadi.

Ba mace ce mai fara'a ba, kuma ba ta taɓa neman a ce tana da ita ba. Abincinta na rana burodi ne da miyar gauta ta kwalba, wadda take dafawa da kanta kowace kaka. Kofi kuwa a ƙaramar tukunyarta take dafa shi, ba ta yarda da na inji ba. Likitoci kan kawo mata ƙullin kofi ko cakulan in ta yi musu aiki, ta karɓa ta jefa a aljihun tebur ba godiya, daga baya ni nake cinye cakulan ɗin.

Abu biyu kowa ya san ta da su. Na farko, ba ta hawa sama inda marasa lafiya suke. Ko sunan mara lafiya ba ta son ji. In likita ya fara ba ta labari sai ta ɗaga hannu ta ce, “Shekaru, jinsi, ciwo. Sauran ka riƙe abinka, ni takarda nake jinya.”

Na biyu shi ne wa'azinta a kan sunaye, wanda na sha ji har na haddace. Takardun binciken likitanci na duniya yanzu a babbar ma'ajiya ɗaya suke a intanet, kuma kowace takarda in ta shigo akwai masu liƙa mata laƙabi, su ce wannan a kan ciwo kaza take, an yi ta a kan maza ko mata, yara ko tsofaffi. To sunayen cututtuka canzawa suke yi, amma takarda da laƙabin shekarar da ta shigo take zaune. Abin da tsofaffin likitoci suka kira ciwon ramewa yau tarin fuka ne. Wanda ya nema da sunan yau kaɗai, aikin yau kaɗai zai samu. Takan ce wa sababbin likitoci, “Tsohuwar zuma da ita ake magani, amma sai ka san sunan da ke jikin kwalbar.” Su kuma su gyaɗa kai, su fita su manta.

Wata kaka, ana saura 'yan shekaru ta yi ritaya, Dakta Tiberiu ya sauko. Sabon likita ne a sashen jijiyoyin jini, dogo, mai kunya, irin wanda yake ba ƙofa haƙuri in ya buge ta.

Ya ce, “Madam Otilia, ina da mara lafiya.”

“Shekaru, jinsi, ciwo.”

“Ta haura sittin. Jini ne ya daskare mata a jijiyar ƙafa. Jinsi kuma...” Ya tsaya yana murza hular alƙalaminsa. “Mace ce. Amma da aka haife ta namiji aka rubuta.”

Otilia ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ci gaba.”

Matar ta shafe kusan shekara arba'in tana shan sinadarin jikin mata ba da sanin likita ba. Ƙwayar hana ɗaukar ciki take sha, tun zamanin da aka haramta ta a ƙasar nan, ma'aikatan jirgi suna shigo da ita daga Hungari a cikin safa. Da haramcin ya kau ta ci gaba da saye a kantin magani. Ƙwayar ce ake zargi da daskarar da jinin. Shugaban sashen, Farfesa Manolache, ya ce ta bar sinadarin kwata-kwata har abada. Ita kuma ta ce in haka ne ranar Alhamis, da an gama zagayen likitoci, za ta sa hannu ta sallami kanta, ta koma gida ta ci gaba da shan abarta. Gudan jinin nan in ya ɓalle ya kai huhu, sai dai wata ba ita ba.

Farfesan ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Tsoho ne mai tsoron abin da bai gani a rubuce ba. Tiberiu ya kawo masa shawarar a sauya mata zuwa irin sinadarin da ake mannawa a fata kamar filasta, tare da maganin tsinka jini. Farfesan ya ce masa, “Yaro, ka kawo mini a takarda cewa an taɓa bin irin waɗannan mutane shekaru masu yawa, an ga abin da ƙwaya take yi da abin da filasta take yi, in sa hannu. Ban da haka ba da ni ba.” Tiberiu ya nema da kansa bai samu abin kirki ba, shi ya sa ya sauko.

Otilia ta ja kujera gaban kwamfuta. Ya ba ta sunan da ake kiran masu sauya jinsi da shi a yau, wanda su da kansu suka yarda da shi. Ta rubuta, ta haɗa da daskarewar jini, ta danna akwatin da ke ware takardun da aka yi a kan mata, ta danna na tsofaffi. Abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Ta cire akwatin tsofaffi. Aka samu 'yan takardu a kan matasa, wasu a kan shan taba, wasu a kan damuwa, duk na baya-bayan nan. Ta gwada tsohon suna guda da ta sani. Ƙarin bai wuce cikin cokali ba.

Nan ne wa'azin ya juyo kan mai shi. Otilia ta san tsofaffin sunayen ciwon zuciya da na hanta da na ƙashi, amma wannan fannin ba ta san shi ba. Mujallunsa suna cikin waɗanda aka kulle a kabad tana sabuwar ma'aikaciya, kuma tun da aka buɗe kabad ɗin ba likitan da ya taɓa saukowa ya tambaye ta komai a kansa. Ta tambayi Tiberiu ko ya san yadda ake kiransu a da. Ya ce a makaranta awa ɗaya aka yi musu a kai, shi ma gargaɗi ne kan kalmomin da ba a faɗa.

Ta wuni tana juya kalmomi. Kashegari na ga kwalbar miyarta ko buɗewa ba ta yi ba. Da rana ta yi sai ta tashi, ta gyara ɗankwalinta, ta ce, “Veta, wane hawa ne sashen jijiyoyi?”

Na ce, “Na uku. Lafiya?”

“Taso ki raka ni. In na faɗi ki ja ni gefe, kar a taka ni.”

Ba a ɗakin mata muka samu mara lafiyar ba, ba kuma a na maza ba. Wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda da ake ajiye zannuwan gado, aka fitar da su aka sa mata gado. Sunanta Domnica. Doguwa ce mai jiki, gashi ya sha jan rini, farce ya sha jan farce, ƙafar hagu a kumbure a kan matashi. Kofinta da cokalinta na gida suna kan taga, kusa da ƙaramin hoton Maryamu irin na coci. Tiberiu, da muka tarar a can, ya fara gabatar da mu, ta katse shi.

“Bar shi, ɗana, na san wannan. Ke ba ke ce mai zuwa maƙabarta ranar Asabar ba? Fararen furanni, ba gaisuwa, ba murmushi.”

Ashe ita ce mai sayar da furanni a ƙofar maƙabartar da aka binne Nelu. Otilia ta yi shekaru tana saye a hannunta ba ta taɓa duban fuskarta ba. Na ga kunnuwanta sun yi ja.

Otilia ta ce, “Madam Domnica, tambaya na zo yi, kuma ba mai daɗi ba ce. Ina neman abin da likitoci suka rubuta a kan mata irinki, amma ban san sunayen da suka yi amfani da su ba. In kina tune da abin da suka kira ki a da, ina so ki faɗa mini.”

Tiberiu ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Domnica ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta fashe da dariya har sai da ta dafe ƙafarta.

“Kai, duniya! Na tsufa an zo neman ilimi a wurina. Zauna, 'yar'uwa, zauna a bakin gadon, ba ya cizo. Na titi kike so ko na masu farar riga?”

“Na masu farar riga.”

“Gara haka, na titi sai mu kai gobe.”

Ta fara daga likitan soja, ranar da aka kira ta aikin soja tana da shekara goma sha tara. Shi ya rubuta cewa mai karkatacciyar ɗabi'a ce, ya tura ta asibitin mahaukata. A can aka ce juyayyiya ce, wato halittarta a kife take. Likitan 'yan sanda, ranar da aka kama ta da siket a tashar jirgi, ya rubuta cuta ce ta son sa kayan mata. Bayan juyin juya halin da ya kifar da tsohuwar gwamnati, wani likita a Bucharest ya ce a'a, ciwon son sauya jinsi ne, ya ce ta dawo bayan shekara biyu, ta koma ta tarar ya tafi Kanada. Daga baya aka ce ruɗewar sanin jinsi. Kowane suna tana faɗarsa da lafazinsa na Latin tsaf, kamar mai karanta addu'a, Otilia tana rubutawa a bayan wata takardar magani, tana tambayar yadda ake harhaɗa baƙaƙen.

Na ce, “Duk kin riƙe su haka?”

Ta ce, “Mai zagi ne yake mantawa, ƙawata. Yanzu kuma ga wannan yaron kirki ya zo da sabo, mai laushi kamar man shanu. Har tambayata ya yi wai yaya nake so a kira ni. Na ce masa Domnica mana, sunan kakata ne, ya ishe ni.”

Otilia ta ce, “Ɗaya daga cikin tsofaffin na gwada, ban samu abin kirki ba.”

“A ina kika duba?”

“A cikin binciken da aka yi a kan mata.”

Domnica ta tafa hannu. “Mata? Ke ma dai! Wa ya gaya miki can suka ajiye mu? Ni duk ciwon da na yi a rayuwata a ɗakin maza aka kwantar da ni, tsakanin mashaya da masu ƙaba. Ki je ki duba cikin maza, can za ki same mu a jere.”

Otilia ta tsaya cak da alƙalami a hannu. Daga ita har Tiberiu, don girmamawa suka danna akwatin mata, ba wanda ya yi tunani sau biyu. Masu liƙa laƙabi na shekarun baya kuwa abin da aka rubuta ranar haihuwa suke bi. Da dannawa ɗaya su biyun suka rufe wa kansu ƙofa, suka yi wuni biyu suna lalube a waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muka sauko mu uku. Otilia ta jera tsofaffin sunayen duka a akwatin nema, ta cire alamar mata. Tiberiu yana tsaye a bayanta yana karanta su, fuskarsa a yamutse.

Ya ce, “Madam Otilia, wallahi hannuna ba zai iya rubuta waɗannan kalmomin a kan mutum ba.”

Ta ce, “Ba hannunka ne yake rubutawa ba. Ladabinka ka kai mata sama, tana buƙatarsa. Nan ƙasa nema muke yi.”

Ta danna. Shafi ya cika, ya zarce zuwa na biyu da na uku. Da yawa shara ne, irin rubutun likitocin zamanin da, masu auna ƙoƙon kai da tambayar mutum mafarkinsa. Otilia ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana watsarwa, fuskarta ba ta nuna komai ba. A tsakaninsu kuma akwai abin da ake nema: asibitocin Yammacin Turai da suka bi ɗaruruwan mutane shekaru masu yawa, suka ga irin ƙwayar da Domnica take sha tana yawan daskarar da jini, suka koma ba masu manyan shekaru na mannawa a fata, matsalar ta ragu. Daga waɗannan ta bi sawu zuwa sababbin takardun da suka ambace su, har ta samu rahotannin waɗanda jininsu ya taɓa daskarewa aka ci gaba da ba su na fata tare da maganin tsinka jini. Biyu ba mu da su, ta buga waya wani laburare a Cluj aka turo mana hotonsu. Injina bai huta ba sai da aka tashi aiki.

Farfesa Manolache ya karɓi tarin takardun ya tafi da su gida. Ranar Alhamis ya dawo da su duk gefensu ya sha fensir. Ban halarci zagayen ba, Tiberiu ne ya sauko ya ba mu labari. Farfesan ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakin ya ce ƙwaya kam ta bar ta har abada. Maganin tsinka jini za ta sha, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwa. In ƙafar ta sace za a fara mata na fata, kaɗan, ana duba jininta a kai a kai, bisa sharaɗin ta bar taba.

Domnica ta ce masa, “Ranka ya daɗe, ka ba ni da dama ka ƙwace da hagu.”

Ya ce, “Haka aikinmu yake, Madam.”

Tiberiu ya ce kalmar Madam ɗin da ƙyar ta fito, amma ta fito. Domnica ba ta sa hannu a takardar sallama ba, ta zauna aka ƙarasa jinyarta.

Otilia ta gama jin labarin. Ta buɗe kwalbarta ta ci abinci. Abin da na lura kawai shi ne, daga ranar wa'azinta ya samu ƙari. Takan ce wa sababbin likitoci kafin su danna maza ko mata su tambayi kansu wa ya yi rabon, kuma a wace shekara. Ta ci gaba da faɗa har ta yi ritaya, su kuma suka ci gaba da gyaɗa kai.

Ranar da aka sallami Domnica sai ga ta ta sauko wurinmu, tana dogara sanda, da jakar kayanta a kafaɗa. Ta dubi rufin da bututun ruwa ta ce ashe akwai waɗanda aka ba ɗakin da ya fi nata muni. Na ba ta kujera, Otilia ta ɗora kofi.

Domnica ta ce, “'Yar'uwa, nuna mini takardun nan. Ba don in karanta ba, ni Turancina bai wuce na sigari ba. So nake in gan su.”

Otilia ta ciro kwafinmu ta ɗora mata a cinya. Domnica ta riƙa juya shafukan a hankali da jan farcenta, tana kallon layukan lambobi.

“Duk waɗannan mutane ne?”

“Kowace lamba mutum ce.”

“Irina?”

“Irinki.”

Domnica ta ce, “An rubuta shekarunsu?”

Otilia ta sa tabarau ta nemo wurin. Ta ce an rubuta na ƙaramarsu da na babbarsu.

“Babbar nawa?”

“Saba'in da tara.”

“Da ranta?”

“Lokacin da aka rubuta, da ranta. Tana zuwa asibiti ana duba ta.”

Domnica ta ɗora tafin hannunta a kan shafin. Ta ce ƙawayenta na ƙuruciya su shida ne, ba wadda ta ga hamsin. Ɗaya giya, ɗaya igiya, ɗaya an tsince ta a bayan tasha, sauran ciwo. Ta ce ita tun tana da shekara talatin kowace shekara take ɗauka ita ce ta ƙarshe, shi ya sa ko labule ba ta taɓa saya mai kyau ba. Ba kuka take yi ba, faɗa kawai take yi. Ni ce ma na juya na kama goge gilashin injina, don tausayi ya kama ni sosai.

Domnica ta ce, “Ashe muna tsufa.”

Otilia ta ce, “Haka takardar ta nuna.”

Domnica ta shanye kofinta, ta sa harshe ta laluba gefen bakinta inda haƙora uku suka zube. Ta jawo sandarta ta miƙe.

Ta ce, “To in haka ne sai in gyara bakin nan. Likitan haƙori a wane hawa yake?”